Ni kaɗai ne nake kewar zafin bazara a wannan daminar?

Majemi Ɗan Majemi ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa sa baki ba, sai yau da abu ya cika mini ciki.

Sana'ata jima, a nan cikin garin Sakkwato. Mahaifina majemi ne, kakana ma haka. Shekarata 46, kuma tun ina ɗan shekara tara hannuna yake cikin ruwan bagaruwa. Fatar jar akuya muka fi jemewa, dukawa su saya su yi takalma da jakunkuna da kuben wuƙa.

Kowa ya san yadda ruwan garin nan yake. Hadari ya haɗo daga gabas bayan la'asar, iska ta taso da ƙura, mata su yi ta gudun kwashe shanya, a zuba shi kamar da bakin ƙwarya, kafin isha ya ɗauke. Gari ya waye rana ta ƙwalle, zuwa hantsi ƙasa ta sha ruwanta. Da wannan muka saba, kuma da shi muke aiki. Bana kuwa tun da watan Yuli ya raba tsakiya sai marka. Yayyafi da safe, yayyafi da yamma, sama a rufe ruf. Na ƙirga da kaina, kwana tara a jere ban ga inuwata a ƙasa ba. Da asuba sai na jawo bargo, bargon da a gidanmu ba a fito da shi daga akwati sai hunturu ya kama.

Layya ta faɗo a watan Yuni, wato daidai bakin damina, kuma lokacin ne fata ke araha. Na tattara abin da nake da shi na sayi fata 140, wasu a shiyarmu, wasu a Kasuwar Kara. Ban san abin da ke tafe ba. Wanda bai san jima ba, zai ɗauka ruwa ne kawai aikinmu, amma rabin aikin rana ce ke yi mana. A bazara in na jiƙa fata a ruwan toka, gashi ya saki da wuri, kartaji, wato abin da muke kankare gashi da shi, ya bi ta sumul. In na sa ta a ruwan kashin tattabara, dare ɗaya ta yi laushi. Bagaruwa kuwa, in kwatarniya ta sha rana ruwan ya yi ɗumi, kwana biyu zuwa uku fata ta kama har cikin tsakiyarta. Yanzu sai ta kwana biyar, in na yanki gefen wuya in duba, in tarar tsakiya fari fat, bagaruwa ba ta ratsa ba. Wadda na samu ta kammala kuma, in na shafa mata man gyaɗa na shanya, sai ta kwana uku a igiya tana nan da danshinta. Ran nan na shiga ɗakin ajiya na ɗaga ta sama, na ga fumfuna kore-kore ta bi ta ƙasa kamar an barbaɗa kuka. Fata 23 na fitar. Wasu in an goge su jan rinin karan dafi zai rufe tabon, wasu kam sai dai bola. Na zauna a bakin ƙofa na kasa cewa komai.

Ga jiki kuma. Gwiwoyina da gaɓoɓin yatsuna, tun da markar nan ta fara, in na sunkuya kan kwatarniya da safe sai na dafa bango kafin in miƙe. A bazara ba na jin wannan ko kaɗan.

To wallahi kewar bazara nake yi. Zafin nan na Afrilu da ke haura digiri 40, wanda kowa ke kuka da shi, shi nake so. Lokacin da rana za ta take tsaka titi ya yi tsit, rufin kwano yana ƙas-ƙas, awaki sun lafe a gindin bango, fatar da na rataya da hantsi kafin a kira azahar ta bushe tana ƙamshin bagaruwa. Da dare a yayyafa ruwa a tsakar gida, a shimfiɗa tabarma, ƙasa tana mayar maka da ɗumin da ta sha tun safe, bayanka ya saki. Na faɗi haka a majalisarmu bayan magariba aka yi mini caa, wani dattijo ya ce in yi istigfari, ruwa rahama ne.

Tambayata biyu ce. Ta farko, shin butulci ne mutum ya yi marmarin rana alhali Allah yana saukar da ruwa? Maganar dattijon nan ta tsaya mini a rai. Ta biyu, ina tunanin daga baɗi in riƙa kwashe aikina in yi arewa da shi in damina ta kama, Tawa ko ma Agadas, inda ruwa bai kai namu ba kuma rana ba ta ɓuya. Mutane na zuwa cin rani kudu, ni in tafi cin damina arewa. Akwai wanda ya san can da zai ba ni shawara?

Manomin Fadama ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ni manomi na daga wajjen Wurno, jikana ka rubuta min wanga saƙo ina hwaɗa mai.

Ba kai ɗai ba na. Mu da munka hita roƙon ruwa shekaru da dama, mu ma bana rana muka nema. Gero shina son ruwa, amma in ya hidda kai rana shika so, in babu ta zangarniya ba ta cika, sai ta yi baƙi. Wake shina zubda hure. Shinkahwar da munka shuka bakin gulbi rabinta na ƙarƙashin ruwa. Kuma duk wanda yag ga abin da anka yi 2010, sadda ruwan madatsar Goronyo yat taho yac ci gonaki da garuruwa har yak karye gadar jami'a, in sama ta yi kwana tara ba ta buɗe ba, ba shi kwana da ido biyu ruhe.

Zancen butulci kuwa, ga abin da malamanmu sunka karantar da mu. Wani mutum yaz zo Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, shina huɗuba ran Jumu'a, yac ce dukiya ta halaka, a roƙa muna ruwa. Anka yi ta ruwa mako guda ba a ga rana ba. Jumu'a ta zagayo, anka miƙe anka ce mai hanyoyi sun yanke, a roƙi Allah shi tsaida shi. Annabi bai ce kun yi butulci ba. Yad ɗaga hannu yar roƙi Allah shi maida ruwan kewayensu, ba bisa kansu ba. To ka ji. Ka gode ma Allah da ruwa, ka roƙe shi rana, babu laihi ciki.

Ka ƙara haƙuri kaɗan, agazari na tahe. Zahin nan na ƙarshen damina da ka nuna hatsi, shi za ya busam maka da hwatunka.

Uwar Yara ta Mabera ta amsa:

Malam, Allah ya mayar maka da alherin abin da ka rasa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ba zan yi maka gardama a kan sana'arka ba. Amma ni kam ba zan taya ka kewar bazara ba, kuma zan faɗi dalili.

Aikin jinya nake yi, shekara goma sha huɗu ke nan. Bazara ita ce lokacin da nake tsoro a duk shekara. Ina bakin aiki a 2017 lokacin sanƙarau, da ya bi Zamfara da Sakkwato da Katsina da Kebbi. Ba na son in tuna yadda ake shigo da yara wuya a sanƙare, uwa tana riƙe da kai. Cutar nan da busasshiyar iska da ƙura take tafiya, ruwan farko na sauka take ja da baya. Ƙyanda ma a zafi ta fi kama yara. Ka tuna azumin 2024, Maris zuwa Afrilu, yadda tsofaffi suka riƙa yanke jiki suna faɗuwa? A Afrilun wannan shekarar ta 2024 ne garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5. Kai kana tuna tabarma a tsakar gida, ni ina tuna mace a gaban murhu ƙarfe biyu na rana da goyo a baya, babu wutar lantarki, ƙanƙara ta fi ƙarfin aljihu, jariri duk ƙuraje sun feso masa a wuya.

Gaskiyar da zan ba ka ita ce markar nan ma ba ta bar mu mun huta ba. Zazzaɓin cizon sauro ya cika mana gadaje, masu sikila kuma sanyi na tayar musu da ciwo, uwa ta kwana tana gasa wa yaro ƙafa da tsumma.

Gwiwar nan taka kada ka bar ta wa rana ta yi maka magani. Ka je a duba ka. Kuma don Allah kada ka shiga shan ƙwayoyin kashe ciwo na masu talla kullum, suna cin ciki suna taɓa ƙoda. Ka nemi takalmin roba mai tsawo da safar hannu ta roba, ko da safiya kaɗai ka riƙa sawa kafin gari ya yi ɗumi.

Ɗan Rijiyar Ɗorawa a Turai ya amsa:

Yaya, na karanta saƙonka sau uku. Inda ka ce kwana tara ba ka ga inuwarka ba, a nan na ajiye wayar na yi shiru.

Ina Abadin, a arewacin Sikotilan, shekarata ta biyu ke nan ina karatu. Garin a bakin teku yake, gine-ginensa na dutse ne mai ruwan toka, sama ma yawanci kalarta ke nan. Hunturun farko da na yi, a watan Disamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe uku da rabi, la'asar da magariba kamar a haɗe. Abin da ya riƙe ni shi ne kowa na ce mini ka jira Yuni da Yuli, lokacin zafinsu ke nan, za ka ji daɗi. Na jira kamar yadda manomi ke jiran ruwan shuka. Bana lokacin ya zo, su kansu 'yan garin suna cewa bai yi armashi ba. Rana tana nan a sama har bayan ƙarfe goma na dare, amma haske ne kawai, ba ta da ɗumi. Da ƙyar ake kai digiri 17 ko 18, ga iska daga teku, ga wani hazo mai jiƙa kaya da ke shigowa gari ba sallama. Ban cire rigar sanyi ba ko rana ɗaya. In na wanke kaya sai su kwana biyu a ɗaki ba su bushe ba, su ɗauki wani wari na danshi. Da na ji zancen fatunka, warin nan na ji a hancina.

A Yulin 2022 aka taɓa kai digiri 40.3 a wani gari a Ingila, wanda ba a taɓa gani ba a tarihinsu. Jiragen ƙasa suka tsaya, har yau ana ba da labarin. Da suke ba ni labari sai na tuna ina ɗan sakandare, a irin wannan zafin nake taka keke daga makaranta zuwa gida, in sha ruwan randa moɗa biyu in fita ƙwallo da la'asar. Ba na ganin laifinsu, gidajensu an gina su ne don su riƙe ɗumi, ba don su sake shi ba.

Hajiya ta Mabera ta yi gaskiya, kuma ita ta ga abin da ban gani ba. Na san in na dawo a Afrilu kwana uku zan yi in fara neman inuwa. Amma jikin da ya tashi a rana yana nemanta kamar yadda yake neman abinci. Likita a nan ya ce in riƙa shan bitamin D, don masu baƙar fata ba sa samun isasshe daga irin wannan ranar tasu. Ina sha. Sai dai babu ƙwayar da za ta ba ni abin da nake kewa: in fito daga masallacin Juma'a in taka dutsen da ya sha rana da tafin ƙafa kafin in kai ga takalmina, in tsaya wurin mai fura a dama mini da nono mai tsami, gumi na bin bayana. Innata in mun yi waya takan juya wayar ta nuna mini tsakar gida, bana ita ma sai laka take nuna mini da kaji a takure a ƙarƙashin rumbu.

Ba ni da shawara a kan Agadas. Na dai so ka san cewa akwai wanda ya fahimce ka sarai.

Tsohon Ɗalibin Samaru ya amsa:

Malam majemi, na yi karatu a makarantar fasahar fata da ke Samaru, Zariya, na kuma yi shekaru ina sayen fata tsakanin Illela da Ƙonni da Tawa, na je Agadas sau biyu. Bari in ba ka abin da na sani.

Kada garin neman gira a rasa ido. Rana kam akwai ta a can. Ruwan da Tawa ke samu a shekara kusan rabin namu ne, na Agadas kuwa bai kai rabin na Tawa ba. Hausa ake yi a kasuwa, ba za ka rasa abokin magana ba, kuma Buzaye gwanayen aikin fata ne. Amma kai ka fi ni sanin tulu nawa fata ɗaya ke sha daga jiƙo zuwa ɗauraya ta ƙarshe. A nan kana da gulbi da rijiya kusa, a can ruwa saye za ka yi da tsada. Daga Tawa zuwa Agadas kusan kilomita 400 ne, ga kuɗin mota, ga canjin sefa, ga shingaye, ga halin da hanya ke ciki a shekarun nan. Jar akuyar ma tamu ce da mutanen Maraɗi, in ka yi arewa sosai wata irin akuya za ka tarar, fatarta ba ta da wannan lallausan idon, wato laushin fuskar fata. Fatar jar akuyar nan ce fa aka riƙa ɗauka a bayan raƙuma a ƙetare Sahara da ita, Turawa suka sa mata suna fatar Maroko don ta can take isa hannunsu. Dukawanka ita suke biya.

Abin da ya ɓata maka kaya danshin iska ne, ba rashin zafi kaɗai ba. Ka lura a hunturu akwai ɗari amma fata na bushewa nan da nan, har ta so ta yi tauri. Don haka iska za ka nema mata. Ka kafa rumfa mai tsawo a buɗe ta kowane gefe, ka rataya su da tazarar taki ɗaya tsakani, kada ɗaya ta taɓa ɗaya. Ɗakin ajiyar nan shi ya cuce ka: kada ka jibge su a ƙasa ko jikin bango, ka ɗora a kan katako, ka riƙa juya su duk kwana biyu. In danshi ya yi yawa ka sa kaskon gawayi a tsakiyar rumfar, nesa da fata, don iskar ta yi ɗumi kawai.

Babbar shawara ita ce kada ka jeme fatar layya duka a cikin marka. Ɗanyar fata in ka kankare nama da kitse, ka shimfiɗa ta, ka zuba mata gishiri a cikin, kamar sulusi zuwa rabin nauyinta, ka jera su a wuri mai ɗan gangare ruwan ya tsiyaye, za ta yi makonni ba ta ruɓe ba. Ka jeme kaɗan-kaɗan gwargwadon abin da rumfa za ta ɗauka, sauran su jira Oktoba. Ruwan bagaruwa kuma in ya yi sanyi ka ɗan sirka shi da ruwan ɗumi, daidai wanda hannu zai zauna a ciki ba tare da jin zafi ba. In ya wuce haka zai dafa fatar, ta ƙanƙance, ba ta gyaruwa.

Majemi Ɗan Majemi ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri.

Baba na Wurno, ka sauke mini dutse daga ƙirji. Na karanta wa mutanen majalisarmu abin da ka faɗa, dattijon nan ya ce ya san hadisin, mantawa ya yi. Allah ya fitar muku da shinkafarku.

Hajiya, ban ji haushin maganarki ba. Na karanta wa maiɗakina, ta ce ke ce kika faɗi tata. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin murhun nan ba sai jiya. Zan je a duba gwiwar ranar Litinin in Allah ya kai mu. Amma ba zan ɓoye miki ba, har yanzu in na rufe ido Afrilu nake gani.

Ƙanena na Turai, akwai buzun rago guda da na jeme tun kafin ruwa ya sauka, fari ne mai yawan gashi, yana nan lafiya fumfuna ba ta taɓa shi ba. In ka samu mai zuwa wajenku ka yi mini magana, na ba ka shi, ka riƙa salla a kai, ƙafarka ta huta da sanyin daɓe.

Malam na Samaru, zancen ruwa shi ya kashe mini jiki, don na ƙirga tulunan da muke ɗiba a rana na ga ba zan iya sayensu ba. Na ajiye maganar Agadas. Tawa dai ina so in je in gani da idona bayan kaka. Yau da safe ni da yarana biyu muka fitar da komai daga ɗakin ajiya, muka ɗaura igiyoyi a zaure tunda ƙofofinsa biyu ne iska na ratsawa, kafin in samu kuɗin rumfa. Bayan azahar sama ta ɗan tsage, rana ta leƙo kamar ta rabin awa. Na bar aikin na fita na juya mata baya na tsaya har ta koma.

Gishirin da ka ce, wanne ne? Na buhu mai laushi da ake miya da shi, ko mai tsakuwa ma zai yi? Kuma wanda ya tsiyaye daga fatar farko, ana iya shanya shi a sake zuba wa wata?